Cinikin Kamfanin Manhaja: Lissafin Mai Saye, Fargabar Mai Sayarwa

A kasuwar Maigatari, mai sayen sa yakan duba haƙora, ya shafa tozo, sannan ya taya. Kamfanin manhaja kuwa ba shi da abin shafawa. Dukiyarsa ita ce rubutun da ke cikin kwamfuta, da abokan ciniki, da 'yan ƙwararrun da suka san yadda aka haɗa shi.

A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Stripe bai saya ido rufe ba: tun 2018 ya jagoranci zuba jarin dala miliyan 8 a kamfanin, ya san cikinsa da bayansa. Abin da ya ja shi shi ne 'yan kasuwa wajen 60,000 da ke karɓar kuɗi ta Paystack.

Tambayoyin mai saye ba su da yawa, amma masu nauyi ne. Kuɗin shiga na wata-wata ne, ko kwangila ɗaya ce ke riƙe da kamfanin? Wa ya mallaki rubutun manhajar a idon doka? In babban injiniya ya tafi, aiki zai tsaya? Sakaci a nan yana da tsada: kamfanin HP ya sayi kamfanin Autonomy na Ingila a 2011 kan dala biliyan 11, shekara na zagayowa ya sanar da zaftare biliyan 8.8 daga darajar Autonomy.

Shi kuwa mai sayarwa yana lissafa shekarun da ya yi ba barci, abin da mai saye ba ya biya. Fargabarsa tana kan abin da zai biyo bayan sa hannu. Wani lokaci akan riƙe wani kaso na kuɗin har sai kamfanin ya cim ma wata riba, alhali ragama ta bar hannunsa. Ga makomar ma'aikata, ga sunan kamfanin. A lokacin cinikinsu, masu Paystack sun tsira da sunansu da shugabancinsu.

Matasan da ke fitowa daga Jami'ar Tarayya ta Dutse da cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure, suna rubuta wa makarantu da shagunan magani manhaja, su lura. Rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, asusun banki na kamfani daban da na aljihu, da yarjejeniya a rubuce da duk abokin da ya taɓa sa hannu a aikin, su ne farkon abin da lauyan mai saye zai nema. In babu su, tayi ma ba zai zo ba.