Irin da Aka Sauya wa Halitta da Haƙƙin Manomi a Yankin Funtua da Malumfashi

Sauya halittar iri na nufin ɗauko ƙwayar halitta daga wani abu mai rai a dasa ta cikin amfanin gona domin ya sami siffar da bai gada ba. Ta wannan hanya Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta samar da waken SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019, yana ɗauke da ƙwayar halittar wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bt, wadda ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. Kafin nan an saki audugar Bt a 2018, sai masarar TELA daga baya a 2024, kuma duka ukun amfani ne da manoman Funtua da Malumfashi da kewaye suka dogara da shi.

Raguwar feshin maganin ƙwari da wannan iri ke kawowa riba ce ga aljihu da lafiyar mai feshin, wannan ba abin musu ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne mallakar irin. Wake kan barbari kansa, don haka manomi zai iya ware na shukar baɗi kamar yadda ya gada, amma audugar da masarar an haɗa su aure ne tsakanin iri biyu, ƙarfinsu kuwa yakan ragu idan aka sake shuka 'ya'yansu, abin da ke mayar da manomi mai sayen iri kowace damina. A yankin da masana'antun gurzar auduga suka daɗe suna raya shi, ya kamata a tuna cewa Burkina Faso ta yi watsi da audugar Bt a 2016 saboda gajartar zarenta ta karya mata daraja a kasuwa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, domin iska kan kwashi bununin masara zuwa gonar wanda bai zaɓi wannan iri ba, haka mai saye a kasuwar Funtua, inda ake awo da tiya, ba shi da hanyar sanin wane wake aka auna masa. Hukumar NBMA da aka kafa a 2015 ita ke ba da izinin sakin irin da aka sauya wa halitta daga Abuja, amma izini bai wadatar ba matuƙar malaman gona ba su fayyace wa manomi sharuɗɗan irin da Hausa tun kafin ya shuka ba.