Abin da ya kamata ku sani: yadda doguwar farfaɗiya ke lalata ƙwaƙwalwar ɓera

A shekarar 1983 Waldemar Turski da Esper Cavalheiro da abokan aikinsu suka nuna cewa idan aka yi wa ɓera allurar pilokafin da yawa, farfaɗiya kan kama shi ta ƙi saki har tsawon sa'o'i. Shi wannan magani daga ganyen jaborandi na ƙasar Brazil ake samun sa, kuma likitocin ido sun daɗe suna amfani da shi. Abin yakan fara da taune-taune da kaɗa kai, sai ƙafafun gaba su ɗauki karkarwa, ɓeran ya miƙe bisa ƙafafun baya, ya kife. Waɗannan matakai 5 Ronald Racine ne ya tsara su a Kanada a 1972.

Ɓarnar tana faruwa ne a cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin jijiya da suka ƙi tsayawa sukan yi ambaliyar wani sinadari mai suna gulutamet, shi kuma ya buɗe wa kalsiyam ƙofa ya cika ƙwayoyin har su mutu. Wurin da ya fi jin jiki shi ne hipokampos, ma'ajiyar sabon abin da aka koya.

Abin tsoron shi ne bayan an tsayar da jijjigar da maganin dayazefam, ɓeran kan yi kwanaki ko makonni garau, kamar ba abin da ya same shi. Sai wata rana farfaɗiya ta dawo da kanta, ba allura ba komai, ta zama ciwon din-din-din. Halinsa ma ya sauya: wanda da ake ɗauka a tafin hannu yanzu da an taɓa shi sai zabura da cizo. Idan aka sa shi a kwarmin ruwan da Richard Morris ya ƙirƙiro a 1981, inda ake ɓoye dandamali a ƙarƙashin ruwa, lafiyayye kan gane wurin cikin 'yan kwanaki, mai farfaɗiyar kuwa ya yi ta kewaye bakin kwarmin.

Ɓera dai ba mutum ba ne, amma darasin game da tsawon lokacin jijjiga ɗaya ne. A 2015 Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta ce jijjigar da ta kai minti 5 tana buƙatar magani nan take, wadda ta wuce minti 30 kuwa tana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa. Idan farfaɗiya ta kama wani ya faɗi a gabanku, ku kwantar da shi a gefensa, kada ku cusa masa cokali a baki, ku duba agogo. Da ta kai minti 5, a nufi asibiti.