DVD Ya Daina Karanta Faifai: Tambayar Da Ya Kamata Mai Shago Ya Fara Yi

Ana saura mako guda a yi ƙaramar Salla, DVD ɗin da ke falon gidanmu a nan Maraɗi ya ƙi aiki. A sa masa wannan faifai ya yi ta juyi yana ƴar ƙara, can sai ya rubuta NO DISC, a sa masa wancan haka. Irin kayan kallon nan ne da ake kira hom tiyata, mai kai ɗaya da ƙananan lasifikoki biyar da babbar wufa, wanda aka sayo mana daga Kano shekaru fiye da goma da suka wuce. Yara suka tayar da hankali, mu kuwa ba mu yi wata-wata ba muka nufi kasuwa, muka ce wa wani mai shago: Alhaji, a ba mu DVD mai kyau. Ya miƙo, muka biya, muka dawo gida.

Sai da muka buɗe kwali muka juya bayan sabuwar na'urar sannan muka gane mun yi sayen gaggawa, domin babu ko rami ɗaya da za a cusa wayoyin lasifikokin nan shida. Da muka mayar, mai shago ya ce an riga an yage kwali, mu kuma muka ce ai bai gaya mana ba. Gaskiyar magana, shi bai tambaya ba, mu ma ba mu yi bayani ba. Da muka kawo zancen a shirinmu na rediyo, kiran da muka samu daga masu saurare ya nuna mana cewa ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba, kuma akasarin rigimar da ake yi tsakanin masu sayar da kayan lantarki da masu saye a kasuwanninmu na bakin iyaka daga irin wannan rashin tambaya take tasowa. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka koya, musamman saboda ƴan'uwa ƴan kasuwa na Ɗan Isa da Jibiya da Ƙonni da Illela da Maigatari, waɗanda mai saye kan tsallako musu iyaka, kuma in kaya bai yi ba dawo da shi aiki ne babba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, kayan kallon nan iri biyu ne, ko da yake a ido duk ɗaya suke. Iri na farko shi ne wanda amfilifaya, wato abin da ke ba lasifika ƙarfin fitar da sauti, take cikin kan DVD ɗin kansa. Irin su ne manyan kamfanoni kamar LG da Samsung da Sony suka yi ta fitarwa a cikin kwali guda. Alamarsa ita ce duk wayoyin lasifikoki a bayan DVD suke shiga, ita kuwa wufa ba ta da igiyar wuta tata. Iri na biyu shi ne wanda amfilifaya take cikin wufa. A nan wufar ce ake jona wa wuta, ita ke da maɓallin ƙara murya, ƙananan lasifikoki a jikinta suke, DVD kuwa baƙo ne kawai da ke miƙa mata sauti. Yawancin ƴan Sin ɗin da suka cika kasuwanninmu irin wannan ne.

To, mai iri na biyu ba shi da damuwa, kowane DVD ya saya zai yi masa. Mai iri na farko shi ne abin ji. Idan idon da ke karanta faifai ya mutu, ba a ce amfilifayar ta mutu ba, sau da yawa lafiyarta lau. Saboda haka ba a jefar da tsohon kan. Ajiye shi ake yi a mazauninsa, a sayo sabon DVD, a ɗauko waya mai kai ja da fari daga bayan sabon a kai ta ramin da aka rubuta AUX a bayan tsohon, a danna rimot a koma AUX ɗin. Wayar hoto kuma ta tafi talabijin kai tsaye daga sabon. Shi ke nan, tsoho ya ci gaba da ba da murya, sabo yana karatun faifai. Haka muka yi a ƙarshe, bayan wani mai gyaran rediyo ya nuna mana, kuma DVD ɗin nan da muka so mayarwa shi ne ke aiki a gidanmu har yanzu.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai shago ya faɗa wa mai saye tun kafin ya karɓi kuɗinsa. Wayar ja da fari hanya biyu kawai take ɗauka, dama da hagu. Wanda ya saba jin harbi daga bayansa, magana daga gabansa, a fina-finan Indiya ko na Amurka masu sautin 5.1, ba zai sami wannan rabon ba ta wannan waya, ko da duk lasifikokin sun yi ƙara. In ana son ainihin sautin sai in tsohon kan yana da ramin da aka rubuta OPTICAL ko COAXIAL na shiga, sabon kuma yana da irinsa na fita. Mu dai a ganinmu wannan bai kai abin ɗaga hankali ba, tunda mafi yawan fina-finan Hausa da wa'azozi da aka buga a faifai da ma can sautinsu bai wuce hanya biyu ba. Amma a faɗa, kada mutum ya je gida ya ce an sayar masa da jabu.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki lasifikokin tsohon hom tiyata a jona su a kowace amfilifaya aka samu. A duba bayan lasifikar, za a ga an rubuta lamba da kalmar ohm ko alamarta. Da yawa daga na cikin kwali guda 3 ne ko 4, alhali kuwa amfilifayoyi da yawa 6 zuwa 8 suke so. In aka haɗa su aka ƙure murya, amfilifaya ta yi ta zafi har ta kashe kanta ko ta ƙone, garin neman gira a rasa ido.

Kafin ma a kai ga saye, yana da kyau a tabbatar mutuwa ce ko suma. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce, kuma idon DVD ɗan ƙaramin gilashi ne da bai kai ƙwayar wake ba. Hazon hunturu guda ya isa ya rufe shi. Mai gyara kan buɗe murfi ya goge shi a hankali da auduga da ɗan digon sifirit, sau da yawa sai ka ga na'ura ta farfaɗo. In tiren da ke fitowa da faifai ne ya ƙi buɗewa, galibi ƴar robar da ke jan sa ce ta saki, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da kowane mai shago zai iya yi a gaban mai kaya: a sa faifan CD ko VCD, sannan a sa na DVD. A cikin idon akwai haske iri biyu, ja mai karanta DVD, da wani da ido ba ya gani sosai mai karanta CD da VCD. In ya karanta ɗaya ya ƙi ɗaya, to hasken guda ne ya gaji, goge-goge ba zai yi magani ba, sai sauya ido. A nan ne ake lissafi, domin idon wasu manyan kamfanoni wahalar samu gare shi, in an samu ma kuɗinsa da ladan mai gyara kan kusa kai na sabon ƙaramin DVD.

In kuwa na'urar ba ta kawo wuta gaba ɗaya, to a tuhumi kuran. Mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta, ba a janye takunkumin CEDEAO ba sai a Fabrairun 2024. A tsakanin nan gidaje da shaguna da yawa janareta suka koma wa, kuma ƙaramin janareta da ke hawa yana sauka ba abin da yake saurin kashewa kamar allon wutar irin waɗannan na'urori. Duk wanda zai sayi sabo ya haɗa da sitabilaiza, kuma ya riƙa zare filogi in an ɗauke wuta har sai ta dawo ta zauna. Masu sayar da na hannu kuma, Allah Ya ba ku haƙuri, ku riƙa karanta takardar da ke manne a baya. Wutarmu 220 ce zuwa 230, ta Amurka 110 zuwa 120. In ba a rubuta 100-240V ba, aka ga 120V kawai, jonawa ɗaya ce hayaƙi ya tashi.

Har ila yau a kan na hannu, akwai batun shiyya. Masu DVD sun raba duniya da lambobi, Amurka 1, Turai 2, Sin 6, mafi yawan Afirka tare da Indiya 5. Na'urar da aka yi wa Faransa kan ƙi karɓar asalin faifan da aka yi wa wata shiyya. Wannan bai cika damunmu ba saboda faya-fayan da ake bugawa a Kano da Legas ba a kulle su, ƙananan na'urorin Sin kuma kusan duk abin da aka ba su ci suke yi. Abin dariya, sau da yawa mai arhar ya fi mai tsadar haƙuri da faifan da ya sha karce.

Sai a duba bayan talabijin kafin a fito daga gida. Tsohon talabijin mai ƙeya rami mai ruwan ɗorawa yake da shi na hoto, ba shi da HDMI. Sababbin masu faɗi kuwa wasunsu sun daina zuwa da mai ruwan ɗorawar, sai HDMI kawai. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne DVD mai duka biyun. Hanya mafi sauƙi ita ce mai shago ya ce wa mai saye ya ɗauko hoton bayan tsohon kan da bayan talabijin a wayarsa. Minti biyu ne, amma ya fi rantse-rantsen da ake yi bayan an yage kwali.

Game da ramin USB da kowa ke tambaya yanzu, a yi hattara da alkawari. Mutum zai je wurin masu tura fina-finai a cika masa filas, ya zo ya cusa, na'ura ta ƙi. Ba lalacewa ba ce. Ƙananan DVD da yawa tsofaffin nau'o'i irin su AVI da MPEG da MP3 suka iya, ba su gane da yawa daga MP4 ɗin da waya ke kunnawa ba, kuma galibi sai filas ɗin da aka tsara a FAT32, wanda ba ya ɗaukar fim ɗaya da ya wuce gigabayit 4. Mai shagon da ya ce “yana cin komai” ya sayo wa kansa magana. Gara ya ce a kawo filas ɗin a gwada a nan.

Akwai kuma gaskiyar da duk mai wannan sana'a ya riga ya gani a aljihunsa, wato kasuwar faifai ta ja baya. DVD ya fara fita a Japan a 1996, Blu-ray ya biyo baya a 2006, shi ma bai taɓa kafuwa a wajenmu ba. Kamfanin Oppo ya daina ƙera na'urorin faifai a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbin na Blu-ray a Amurka a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024. Fina-finan Hausa, waɗanda suka faro da kaset tun Turmin Danya a 1990, suka bi ta VCD da DVD har kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyarsu, yanzu sun koma waya da YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Saboda haka ɗan kasuwar da zai saro DVD ya saro kaɗan, masu HDMI da USB, kada ya cika shago. Wanda ya ga yadda kaya suka kwanta lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya san abin da muke nufi, ga kuma naira da sefa da ba sa zama wuri ɗaya tun 2023. Abin da muke ganin zai fi tafiya shi ne ƙananan kaya: wayar ja da fari, wayar HDMI, rimot mai cin kowace na'ura, robar tire, da ɗan akwatin Bluetooth da ake cusawa a AUX, wanda ke sa tsohon hom tiyata ya karɓi sauti daga waya.

Me ya sa to har yanzu ake neman DVD? A gidanmu dai ba don fim ba ne. Fim da tafsirin malamai duk ana samu a waya. Abin da ba a samu a ko'ina shi ne faifan bikin aure da na suna da na walimar dawowa daga Makka, inda ake ganin iyaye da kakannin da suka riga mu gidan gaskiya suna magana suna dariya. Irin waɗannan faya-fayai mai ɗaukar bidiyo ne ya ƙona su a kwamfuta, ba bugun masana'anta ba ne, kuma sinadarin da ke riƙe da hoton ba ya shiri da rana da zafi. Mun tarar da guda biyu a cikin namu da sabon DVD ɗin ma ya kasa wuce rabinsu. Sauran mun goge su da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki ba a kewaye ba, mun kai wa mai kwamfuta ya juye su a filas biyu, ɗaya a gida, ɗaya mun aika wa babbar yayarmu a Katsina.