Fitsari Mai Kalar Baƙin Shayi: Ba Kullum Ba Ne Tsargiya

A garuruwan da ke kusa da tabki ko gulbi, daga Gaya zuwa Madarunfa, in yaro ya yi fitsari ja, abin da ake fara cewa shi ne tsargiya ce. Sau da yawa kuwa haka ɗin ne. Amma akwai wani fitsarin da kan fito baƙi-baƙi kamar shayi mai kauri ko Coca-Cola, wanda ba tsutsa ce ke kawo shi ba. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke fashewa a cikin jijiya, sinadarin hemoglobin da ke cikinsu ya bi ta ƙoda ya zuba a fitsari.

A tsargiya, jinin yakan fito ne a ƙarshen fitsari. Idan kuwa ƙwayoyin jini ne suka fashe, fitsarin yana rinewa daga farko har ƙarshe, ido ya yi rawaya, ga kasala da haki. A ɗakin awo ma bambancin ba ya ɓuya: tsinken gwaji zai nuna akwai jini, amma in an duba da madubin likita ba za a ga ƙwayoyin jinin ba, ko a ga ƴan kaɗan.

Daga cikin cututtukan da ke haddasa wannan akwai wadda likitoci ke kira PNH, ko HPN da Faransanci. Wani likitan Jamus, Paul Strübing, ya yi bayaninta a 1882. Ba gadonta ake yi ba. Wani canji ne ke aukuwa a ɓargo, sai ƙwayoyin jini su fito ba tare da sunadaran kariya biyu ba, CD55 da CD59, garkuwar jiki kuma ta afka masu kamar baƙi. Fitsarin ya fi duhu da asuba. Babban haɗarinta shi ne daskarewar jini a jijiyoyin hanta, ciki ko ƙwaƙwalwa. Mutane ƙalilan ne cikin miliyan ke kamuwa da ita, shi ya sa wasu ke shafe shekaru ana yi masu maganin wata cuta dabam.

A 2007 Amurka ta amince da maganin eculizumab, wanda ke tare wannan hari. Sai dai a shekarun da suka biyo baya kuɗinsa ya haura dala dubu 400 a shekara ga mutum guda, kuma dole a yi wa maras lafiya rigakafin sanƙarau kafin a fara, domin maganin yana buɗe wa ƙwayar sanƙarau ƙofa. A ƙasa irin Nijar, wadda ke tsakiyar yankin sanƙarau, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Wadda ta fi kusa da gidajenmu ita ce ƙarancin sinadarin G6PD, da ake gado, kuma ya fi bayyana ga maza. Kimanin mutum miliyan 400 ne ke ɗauke da shi a duniya, da yawansu a Afirka. Mai shi yana zaune lafiya lau har ranar da ya haɗu da abin da jininsa ba ya so: maganin primakin ko dapson, kafur da ake sawa a akwatin tufafi, lalle a jikin jariri, ko waken ful, abincin yau da kullum a Sudan da Masar da ƴan ci-rani ke tararwa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku jini na iya raguwa sosai. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana rina fitsari haka, musamman in an sha kinin ba bisa ƙa'ida ba.

Likitoci na ɗaukar irin wannan fitsari a matsayin lamarin gaggawa, domin hemoglobin na iya lalata ƙoda, maras lafiya kuma na iya buƙatar ƙarin jini a ranar. Abin da ya kamata shi ne a garzaya asibiti da kwalayen duk magungunan da aka sha, har na gargajiya, a kuma nemi a yi awon fitsari da na jini. Wanda aka taɓa tabbatar masa da ƙarancin G6PD, ya sanar da kowane likita kafin a rubuta masa magani, ya kuma shaida wa ƴan uwansa na ɓangaren uwa, domin ta can ɗa namiji ke gadonsa.