VisualEditor

VisualEditor wata manhaja ce ta gyaran rubutu da ake amfani da ita a shafukan da aka gina da MediaWiki, ciki har da Wikipedia. Tana ba mai gyara damar ganin shafi yadda mai karatu zai gan shi a lokacin da yake rubutu, ba sai ya koyi alamomin wikitext ba. Gidauniyar Wikimedia ce ta ƙirƙire ta tare da haɗin gwiwar kamfanin Wikia, wanda yanzu ake kira Fandom.

Tarihi

Kafin zuwanta, duk mai son gyara shafi sai ya rubuta alamomi da hannunsa, misali ya sa kalma a tsakanin baka biyu masu kusurwa domin ta zama mahaɗi. An fara gwajin VisualEditor a Wikipedia ta Turanci a watan Disamba na 2012, sannan a watan Yuli na 2013 aka buɗe ta ga masu gyara baki ɗaya. Ƙorafi ya yi yawa saboda kurakuran da take jawowa a cikin maƙaloli, har a watan Satumba na wannan shekara aka mayar da ita zaɓi, sai wanda ya so ya kunna ta. A shekarar 2020 aka sanya ta cikin kunshin MediaWiki 1.35.

Yadda take aiki

Ana adana maƙaloli ne da wikitext, amma burauza, wato manhajar shiga intanet, HTML take karantawa. Wata manhaja mai suna Parsoid ce ke juya wikitext zuwa HTML idan an buɗe shafi domin gyara, ta sake mayar da shi wikitext idan an wallafa. Sauran aikin JavaScript ne ke yin sa a cikin burauzar mai gyara, shi ya sa ingancin burauza yake da muhimmanci.

Dacewa da burauza

Burauzoji ba sa bin hanya ɗaya wajen karɓar rubutu, musamman wurin motsa alamar rubutu da goge harafi. A farko VisualEditor ta yi aiki a kan Chrome da Firefox da Safari, amma ban da Internet Explorer, sai daga baya aka gyara ta ta dace da sababbin nau'o'insa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Internet Explorer 11 a ranar 15 ga Yuni 2022, kuma a 2023 shafukan Wikimedia suka daina aika masa JavaScript.

MediaWiki ta kasa burauzoji gida-gida. Na zamani suna samun komai. Tsofaffi kuwa suna iya karanta shafi da yin gyara a akwatin wikitext kawai. Opera Mini, wadda ta shahara a Najeriya saboda rage cin data, tana cikin rukuni na biyu, domin a kwamfutocin kamfanin ake sarrafa shafi kafin ya iso waya. Saboda haka ba a cire tsohon akwatin gyara ba, domin kada sabuntawa ta rufe ƙofa ga mai tsohuwar waya.

Haruffan Hausa

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da shi a Nijar, kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode. Lambar ƙ ita ce U+0199, ta babban Ƙ kuma U+0198. Idan burauza ko waya ba ta da salon rubutun da ke ɗauke da su, sai ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. Rashin lanƙwasa yana sauya ma'ana, kamar tsakanin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi.

Matsalar ta fi fitowa a sunayen garuruwa. Ƙafin Maiyaki da ke ƙaramar hukumar Kiru a jihar Kano ana ganin sunansa a rubuce da Ƙ, ana kuma ganinsa da K. A wajen kwamfuta waɗannan haruffa biyu ne daban, don haka mahaɗin da aka rubuta da ɗaya ba zai kai ga shafin da ke da ɗayan ba sai an yi shafin turawa. VisualEditor tana da jerin haruffa na musamman a ƙarƙashin alamar Ω, inda mai gyara zai zaɓi harafin da allon rubutunsa bai da shi.