Gina Garejin Mota A Harabar Gida: Dalilin Da Ya Sa Sai Da Izinin Hukuma

Masu gidaje da dama a biranen Nijeriya sun ɗauka cewa tunda fili nasu ne, kuma hukuma ta riga ta amince da zanen gidan, to ba su da bukatar sake neman izini idan za su gina garejin mota keɓe da gida a cikin harabarsu. Dokokin tsara birane ba su yarda da wannan fahimta ba, kuma rashin sanin haka yakan jawo asarar dukiya mai yawa.

Tushen al'amarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka da gwamna ke bayarwa tana ba mutum damar zama da amfani da fili ne bisa wasu sharuɗɗa, cikinsu har da bin ƙa'idojin gini. Daga baya Dokar Soja mai lamba 88 ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi kowane irin aikin gini a kan fili, ba ta kuwa bambanta babban gini da ƙarami ba. Saboda haka garejin da aka haƙa wa harsashi, aka ɗora bulo, aka rufa da kwano, sabon gini ne a idon doka, muddin ba ya cikin zanen da aka amince da shi tun farko.

A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, inda ta tabbatar cewa tsara birane hurumin jihohi ne, in ban da Babban Birnin Tarayya. Don haka kowace jiha da hukumarta. A Legas, dokar 2010 ta kafa hukumar LASPPPA mai ba da izinin gini da kuma LASBCA mai sa ido kan yadda aikin ke gudana. A Abuja Sashen Kula da Gine-gine ne ke da wannan alhaki, a Kano hukumar KNUPDA, a Kaduna kuma KASUPDA. Amincewar mai unguwa, ko rasidin kuɗin da aka biya ƙaramar hukuma, ba su maye gurbin izinin waɗannan hukumomi.

Takardun da aka saba nema sun haɗa da shaidar mallakar fili, da taswirar safiyo, da zanen gidan da aka amince da shi a baya, da sabon zane mai nuna inda garejin zai zauna, wanda mai zanen gine-gine mai rajista ya sa wa hannu, da kuma shaidar biyan haraji. Idan za a yi rufin kankare ko a ɗora ɗaki a sama, sai an haɗa da zanen injiniya. Bayan an biya kuɗin da aka yanka, jami'ai sukan ziyarci wurin kafin a yanke shawara.

Babban abin da ke kawo cikas shi ne tazara. Mai gida yakan so ya jingina garejin da katanga, kusa da ƙofar shiga, domin ya rage ɓarnar fili, alhali nan ne daidai wurin da doka ta ce a bar shi fili. A ƙa'idojin Legas, gidan zama yana barin mita 6 daga gaba da mita 3 a gefe da baya, domin iska da haske, da hanyar 'yan kwana-kwana idan gobara ta tashi. Haka nan hukuma takan ƙi amincewa idan ginin zai hau kan magudanar ruwa ko ramin masai, ko ya shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kuma ya sa gine-gine su cinye fiye da kason filin da aka yarda a rufe.

Wata matsalar ita ce sauya amfani. Garejin da aka amince da shi don ajiye mota, idan aka fasa katanga aka mayar da shi kanti ko ɗakin haya, ya saɓa wa izinin da aka bayar, kuma sai an nemi wani sabo.

Wanda ya yi gini ba da izini ba yakan fara samun jan fenti a bango da takardar dakatar da aiki, daga nan sai tara ko rushewa. Ko da ginin ya tsira, yana iya kawo tangarɗa ranar da za a sayar da gidan ko a ba da shi jingina a banki, domin masu ƙiyasta kadara sukan gwada abin da ke ƙasa da abin da ke takarda. Saboda haka masana ke ba da shawarar a tuntuɓi ofishin hukumar tun kafin a sayi siminti, a kuma biya kowane kuɗi ta hanyar da gwamnati ta tanada tare da karɓar rasidi.