Wa ke ɗaukar alhakin hatsari a filin gudun motoci? Misalin Faransa

1. Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai ranakun da ake buɗe filin tseren motoci ga mutanen da ba sana'arsu ba ce tsere. Mutum ya biya kuɗi, ya shiga da motarsa ta kansa, ya yi gudu iyakar ƙarfin injinta. Babu gasa a ciki, babu kyauta. A Faransa ana yin haka a filaye irin su Magny-Cours da Dijon-Prenois da filin Bugatti na Le Mans. A cikin wannan rubutu za mu duba abubuwa biyu: inda hatsarin yake fitowa, da wanda shari'a take ɗora wa alhaki idan ya auku.

2. Inda hatsarin yake fitowa

Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a kowace daƙiƙa. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai kashe yana ninkawa huɗu, kuma wannan ƙarfi zafi yake komawa. Man birki irin DOT 4 an ƙayyade kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 idan sabo ne, amma yana shan laima a hankali, har ma'aunin ya sauka zuwa digiri 155. Da zarar ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse, motar ba ta tsaya ba. Ga kuma tayoyi masu saurin cinyewa, da haɗuwar gwani da sabon shiga a kan hanya ɗaya. Shi ya sa ake tilasta sa hular kwano da bin tutoci: rawaya na nufin a rage gudu kada a wuce kowa, ja na nufin an tsaida gudun. Filin shi kansa sai hukuma ta amince da shi, kuma amincewar shekara 4 take yi.

3. Abin da shari'a ta ce

Dokar Badinter ta 5 ga Yuli 1985 ta sauƙaƙa biyan diyya ga waɗanda hatsarin mota ya shafa. Sai dai a shekarar 2006 babbar kotun Faransa mai warware hukunci ta ce dokar ba ta aiki tsakanin masu gudu a rufaffen filin da aka keɓe wa wasa, ko da atisaye ne suke yi. Ke nan sai a koma ga aya ta 1384 ta kundin dokokin zaman jama'a, wadda ta zama ta 1242 tun 2016. Masana shari'a na Nijar sun san ta, tun da kundinmu daga can ya samo asali. Ayar tana ɗora wa mutum alhakin ɓarnar da abin da ke hannunsa ya yi, ko da bai yi sakaci ba.

An daɗe alƙalai suna sassauta wannan aya a fagen wasanni, bisa hujjar cewa wanda ya shiga ya yarda da kasadar. Ranar 4 ga Nuwamba 2010 kotun ta yi watsi da hujjar, a shari'ar wani mai babur da wani babur ya buge lokacin atisaye a rufaffen fili. Hankalin ƙungiyoyin wasanni ya tashi saboda tsoron tsadar asirans, sai aka yi dokar 12 ga Maris 2012. Bisa ga wannan doka, ɗan wasa ba ya ɗaukar alhakin ɓarnar dukiya da abin da ke hannunsa ya yi wa ɗan'uwansa ɗan wasa a wurin da aka keɓe. Raunin jiki kuwa dokar ba ta taɓa shi ba. Wato wanda aka buge zai yi wuya ya samu kuɗin gyaran motarsa, amma yana da hanyar neman diyyar karayarsa.

4. Takardar sa hannu da asirans

Masu shirya waɗannan ranaku sukan sa mutum ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yafe duk wata ƙara. Takardar tana iya zama shaidar cewa an gargaɗe shi, amma ba ta wanke mai shiri daga sakacinsa idan an ji rauni ko an rasa rai. A Ingila ma doka ta 1977 ta hana irin wannan sharaɗi. Ta fuskar asirans, yarjejeniyoyi da yawa ba sa biyan lalacewar motar mai ita a filin gudu, kuma masu shiri sukan buƙaci wata asirans ta musamman domin ɓarnar da za a yi wa wani.

5. Kammalawa

Wannan misali ya nuna mana cewa kalmomi uku da muke yawan haɗawa, wato laifi da alhaki da diyya, kowace matsayinta daban a shari'a. Direba yana iya ɗaukar alhaki ba tare da ya yi laifi ba, kuma diyyar jiki da ta dukiya ba hanya ɗaya suke bi ba. Duk mai fassara irin waɗannan dokoki zuwa Hausa ya kamata ya rarrabe su tun daga farko.